Bakala, saidaliyya, babban kanti ko mandub: ina za ki sayo abincin jariri a zafin Makka?

Matar ƙanina ba ta fi shekara ɗaya da rabi da zuwa Makka daga Kano ba, yanzu kuma ɗiyarta ta cika wata shida, an fara ɗanɗana mata abinci. Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune a ɗakina a Rusaifa ta ce, "Yaya, ni fa kaina ya kulle. Abbanta ya ce a riƙa saya a bakala, ƙaramin shagon nan na ƙasan bene, ta fi kusa. Maƙwabciyata ta ce ita komai na yaro sai a saidaliyya, wato shagon magani. Ke kuma na ga mandub, mai kawo sayayya har gida, yana yawan ƙwanƙwasa miki ƙofa. Wa zan bi?" Na ce mata duk ukun muna da gaskiya, kuma duk ukun muna iya cutar da yaro ba mu sani ba. 'Ya'ya huɗu na yaye a garin nan, abin da na koya shi ne ba farashin da ke jikin kanta ake fara dubawa ba. Ana fara tambayar minti nawa kayan za su yi tsakanin sanyin shago da sanyin gida, kuma wane irin kaya ne.

Wanda bai zauna Makka da bazara ba ba zai gane dalilin wannan tambaya ba. Daga Yuni zuwa Satumba digiri 45 ba labari ba ne, a aikin Hajjin 2024 har 51.8 aka auna a Harami. Hukuma da kanta takan hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Motar da aka kulle aka bari a rana kuwa cikinta yakan wuce digiri 60. Masana abinci sun ce duk abin da ke buƙatar firiji kada ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin ya haura digiri 32, awa ɗaya ce tak. To mu nan yawancin shekara a dokar awa ɗaya muke. Kuma awar nan ba daga ƙofar gida take farawa ba, daga lokacin da kika ciro robar yogot daga firijin shago kika jefa a keken sayayya take farawa. Layin biyan kuɗi yana ciki, jiran mota yana ciki, tsayawa gaisawa da 'yar garinku da kuka haɗu a bakin ƙofa ma yana ciki.

Amma ba duk abincin jariri ne ke tsoron hanya iri ɗaya ba, nan ne mutane ke haɗa su a buhu ɗaya. Madarar gari ta gwangwani da garin kunu na kwali irin su Cerelac ba sa lalacewa don sun yi rabin awa a mota. Abokin gābarsu shi ne zafi mai daɗewa da laima: a bar su kwana da kwanaki a sito marar sanyi, bitamin ɗin ciki ya ragu, man ciki ya fara wari, garin ya dunƙule. 'Yan kwalaben nan na markaɗaɗɗen tuffa ko karas, da na leda mai murfi da yaro ke tsotsa, an dafa su an rufe ruf, don haka matuƙar ba a buɗe ba, ba sa neman firiji. Su matsalarsu murfi ne da fashewa. Masu gaggawar gaske su ne yogot, laban (nonon sha mai tsami), cuku, da ɗanyen naman kaza ko kifin da za ki dafa ki markaɗa masa. Idan kika raba kayan haka, kina da masu tsoron ajiya, masu tsoron bugu da masu tsoron lokaci, sai ki ga kowanne da shagon da ya fi dacewa da shi.

Bari in fara da bakala, don ita ce ta fi kusa da zuciyarmu. Mai bakalar unguwa ya san ki, ya san mijinki, yana rubuta bashi zuwa ƙarshen wata, kuma idan madara ta ƙare ƙarfe ɗayan dare shi ne zai fitar da ke kunya. Ga yogot da laban ba ta da na biyu, in dai firijinta na aiki: motocin Almarai da Nadec da Al Safi suna zagaya unguwanni a kai a kai, kayan ba sa daɗewa, daga hannun mai shago zuwa firijinki kuma minti biyar ne. Ki sa hannu ki taɓa robar, in ba ta yi sanyi ƙarara ba ki mayar. Inda nake ja da baya shi ne madarar gwangwani. Mutum nawa ke sayen madarar jarirai a ƙaramar bakala? Gwangwani yakan yi watanni a saman kanta, kusa da rufi inda zafi ke taruwa, wani ma a jikin gilashin da rana ke duka. Wasu kuma idan sun rufe shago sukan kashe na'urar sanyaya ɗaki don rage kuɗin wuta. Na taɓa sayen gwangwani a wata bakala cikin dare, kwanan watansa da saura, da na buɗe sai na tarar garin ya yi gudaji-gudaji kamar tsohon sukari, ga wani wari kamar na man gyaɗa da ya kwana biyu. Ban kai ƙarar kowa ba, zubarwa na yi, amma daga ranar bakala ta zama ta kayan sanyi da ta gaggawa a wurina.

Saidaliyya, irin su Nahdi da Al-Dawaa da ƙananan da ke kusa da mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ita ce akasin haka. Magunguna da yawa ba a son su wuce digiri 25, don haka sanyi ba ya yankewa a ciki, madarar ta ci arziƙin magani ke nan. Ana saye sosai, gwangwani ba ya tsufa a kanta. Akwai wanda za ki tambaya idan likita ya rubuta miki madara ta musamman, ta yaron da ke yawan tumbuɗi ko wanda jikinsa ba ya karɓar madarar shanu, kuma idan hukumar abinci da magunguna ta ƙasar nan ta ce a janye wani kaya, manyan saidaliyyu ne ke fara kwashewa. Kada ki ɗauka janye madara tatsuniya ce. Daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2018 an janye madarar wata masana'anta da ke Craon a Faransa daga ƙasashe fiye da 80 saboda ƙwayar salmonela, a Fabrairun 2022 kuma aka janye ta wata masana'anta a Mishigan ta Amurka. A irin wannan rana lambar rukunin da ke gindin gwangwani ake bi, kuma mai fatura, wato rasit, a hannu ita ke mayar da kaya ba gardama. Aibin saidaliyya shi ne wani lokaci ta ɗan fi tsada, kayan kwalba ba su da yawa, sannan mai sayarwa yakan so ya tura ki ga wata sabuwar madara. Idan wadda yaronki ke sha ta karɓe shi, kada daɗin bakin kowa ya sa ki canza.

Babban kanti kuwa, Panda ko Bin Dawood ko Danube ko Othaim, nan ne ido ke cin kasuwa. Komai yana wuri ɗaya, ga sanyi, ga rangwamen mako, musamman gab da azumi. Kwalabe da ledoji iri-iri na Hero Baby da Gerber da sauransu, ga ɗanyen dankalin Hausa da kabewa da ayaba da kaza a gefe guda ga mai son haɗa nata. Wajen ajiya ban da ƙorafi a kansu. Matsalar babban kanti ba a cikinsa take ba, a hanyar komawa gida take. Ba wadda ke shiga ta fito cikin minti goma, da wuya a yi ƙasa da awa ɗaya. Wata rana muka yi sayayya, aka zuba komai a but, sai aka kira isha'i muna hanya, maigida ya ce a tsaya a yi salla, daga nan aka biya gidan Gwaggo a Misfala "gaisuwa kawai". Kun san gaisuwarmu. Muka isa gida bayan awa uku, robobin yogot sun yi ɗumi kamar an ɗauko daga bakin murhu, ruwan kaza ya tsiyaye ya jiƙa kwalin garin kunu. Asarar ranar ta cinye rangwamen wata guda. Garin neman gira aka rasa ido.

Tun daga lokacin na sauya tsari, kuma ba wani abu mai wuya ba ne. Kanti shi ne zangon ƙarshe, duk wata ziyara a gama ta kafin a shiga. A ciki ina fara da famfas da sabulu da busassun kaya, kayan firiji sai ina dab da zuwa wajen biya. Ina da 'yar jaka mai riƙe sanyi, tun daga gida nake jefa gorar ruwa biyu da suka daskare a ciki. Ɗanyen nama ledarsa daban, a ƙulle, a ƙasa. Omo da ruwan wanke bayi ba sa haɗa leda da abin da yaro zai ci, ko da yaron da ke zuba kaya ya nuna gajiya, gara in tsaya in raba da hannuna. Kwalabe ina tsayar da su tsakanin kayan laushi don kada su yi ta karo. Sannan jakar sanyi da madara ba sa shiga but, a ƙafata suke zama inda sanyin mota ke kaiwa. Mai hawa bas ɗin Makka ko mai jiran motar haya ta Careem a bakin titi ta ƙara lissafa wannan jiran, kuma in da hali ta fita bayan isha'i ko da sassafe, ba da azahar ba. 'Yan'uwanmu na Jidda da rusau ya tasa daga su Karantina da Sabil da Gulail tun daga ƙarshen 2021 suka koma gefen gari sun fi mu sanin wannan, don shagon da a da ake zuwa da ƙafa yanzu sai an shiga mota.

Saura mandub. Tun zamanin korona sayayya ta waya ta zauna da gindinta, ga HungerStation, ga Nana, ga Ninja, su kansu manyan saidaliyyu suna da manhajarsu suna kawowa har gida. Ga mai jego, ko wadda mijinta ke wurin aiki tun safe ba ta da mai riƙe mata yara, wannan rahama ce, ni ma ina amfani da ita. Amma ki san abin da kika sayar kika sayi hutun: idonki. Ba ke kika zaɓi gwangwanin ba, wani ne ya miƙa hannu ya ɗauko na gaba, na gaba kuwa galibi shi ne wanda ya fi kusa da ƙarewa. Ba ki san gida nawa ya biya kafin naki ba, kayan kuma suna cikin akwatin bayan babur ko kujerar baya. Don haka nake yin oda da daddare, daga reshe mafi kusa, kuma ba na sallamar mandub sai na juya gwangwani na duba gindinsa a gabansa. Famfas, ruwan kwalba, garin kunu, madarar da na saba da ita, duk waɗannan ta waya nake saye hankali kwance. Yogot da nama da rana tsaka kuwa a'a. Su ma bayin Allah ne, suna ƙonewa a rana don neman halali, ba laifinsu ba ne idan laban ya iso da ɗumi, laifin wadda ta yi oda ƙarfe biyun rana ne.

Duk inda kika saya, dubawar iri ɗaya ce, sai dai akwai tarkon da ke kama sababbin zuwa. Kwanan wata biyu ne a jiki, na "intaj" wato ranar da aka yi, da na "intiha" ranar ƙarewa, kada ki karanta ɗaya a madadin ɗaya. Idan da lambobin Larabci aka buga, ki tuna biyar ɗinsu da'ira ce kamar sifilinmu, shidansu kuma kamar bakwai ɗinmu take, sifili ɗigo ne kawai. Mai karatun allo ba za ta ruɗe ba, amma 'yar boko zalla sai ta ƙara wa madara shekara guda da idonta. Gwangwanin da ya lotsa, musamman a baki ko wajen haɗi, ko ya yi tsatsa, ko ya kumbura, ki bar musu kayansu ko da rabin kuɗi ne. Murfin kwalba yana da ɗan tudu a tsakiya da ya kamata ya kasance a lotse, idan kika danna ya yi ƙyas-ƙyas yana sama da ƙasa, iska ta shiga. Ranar buɗewa kuma ki saurari ƙarar "ɓas", in ba ki ji ba kada ki ba yaro. Leda mai murfi idan ta kumbura ko bakin murfin ya yi danƙo, ita ma ta tafi.

Maganar girman gwangwani ita ce inda araha ke yaudarar mu. Babba ya fi sauƙi idan aka raba kuɗinsa da giram, wannan gaskiya ne. Amma da zarar an ɓare, yawancin kamfanoni sun ce a gama da shi cikin mako huɗu, wasu ma uku. Jaririn da madara kaɗai yake sha yakan tashi da giram 800 a kusan mako guda, shi babba ya dace da shi. Wanda ke shan nono ana ɗan taimaka masa da fida ɗaya a rana kuwa, giram ashirin da 'yan kai yake ci, ba zai gama 800 kafin wa'adi ba, sai ki sayi na 400. Ni da biro nake rubuta ranar da na buɗe a kan murfi. Kada a sa gwangwani a firiji, laima ce za ta shige shi, kada kuma a ɗora shi kusa da murhun gas ko jikin taga. Kicin ɗinmu a nan yawanci ba su da na'urar sanyi, shi ya sa nawa a kabad ɗin ɗakin kwana yake zama. Sannan wannan "sayi biyu a ba ki ɗaya" ki fara duba intiha tukuna, ki kuma tuna yaro yana girma. Lamba 1 daga haihuwa ce, lamba 2 daga wata shida, lamba 3 daga shekara ɗaya, kuma jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi lamba 2 don an same ta da araha.

Akwai abin da uwaye da yawa ba su sani ba: garin madara, ko sabo fil daga saidaliyya, ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari ba. Akan samu wata ƙwaya mai suna kuronobakta wadda ke yi wa bakwaini da jariran da ba su kai wata biyu ba mummunar illa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce. Ga irin waɗannan jarirai, madarar ruwa da aka haɗa aka rufe tun daga masana'anta ta fi aminci, tana da tsada, tana da nauyin ɗauka, amma ranar tafiya Madina ko ranar da za ki daɗe a Harami ta fi ki dama tun daga gida ki yi ta yawo da fida a jaka. Wadda aka dama awa biyu ce a ɗaki mai sanyi, awa 24 a firiji, ragowar da bakin yaro ya taɓa kuma zubarwa ake yi. Ruwan ma abin lura ne. Na famfo daga tankin saman bene yake sakkowa, na wayit, wato tankar ruwa, ko na kamfani, ya sha rana, ba kowane mai gida ke wanke tanki ba. Ruwan kwalba ya fi, amma shi ma a tafasa. Zamzam ma, da duk albarkarsa, jarkar da aka zuba shi ba ta da tabbas, idan na jariri ne a tafasa.

Matar ƙanina ta ce, "To Yaya, garin kunun da Inna ta aiko min da shi ta hannun 'yan Umara fa?" Nan na yi dariya, don ni ma da kunun gyaɗa da koko na yaye nawa, kuma gero da dawa ba sa yankewa a kasuwar Shara Mansur nan Makka. Na gida ya fi arha nesa ba kusa ba, kin san abin da kika zuba, babu sukarin da ake cusawa a wasu na kwali. Sai dai shi ba shi da kwanan wata, ba a ƙara masa sinadarin ƙarfe kamar na kanti ba, alhali daga wata shida shi jikin yaro ya fi nema, don haka sai a haɗa masa da ƙwai dafaffe, hanta, wake ko nama. Gyaɗa da masara idan suka sha laima sukan yi fumfuna mai dafi da tafasa ba ta kashewa, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi ɗaci a tsince a zubar, gari kuma a saya kaɗan-kaɗan a rufe a roba mai murfi. Zuma kuwa, duk son da Inna ke yi a ɗiga wa jika, sai ya cika shekara. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne madarar gwangwani da ake talla a zaurukan WhatsApp ko a shimfiɗe a bakin titi lokacin Hajji da rabin farashi. Ba ki san inda ta kwana ba. Idan kika ga abin da bai kwanta miki ba a shago, lambar hukumar abinci da magunguna 19999 ce, ta ma'aikatar kasuwanci kuma 1900.

Da muka zo rabuwa ta riga ta tsara nata. Madara daga saidaliyyar kan titinsu, gwangwanin 400 tunda har yanzu nono ne abincin ɗiyar, kuma da niyyar ta kai ta shekara biyu. Yogot daga bakalar ƙasa, kullum na ranar. Babban kanti sau biyu a wata bayan isha'i, mandub kuma na famfas da ruwa. Kafin Zulhijja ta kama za ta ajiye na mako uku, don ta ga yadda hanyoyi suka toshe bara. Na ba ta aron jakar sanyina, na ce ta gaya wa ƙanin nawa idan ya sake barin kayan yarinya a but ya tafi cin tsire, ni zai gani.